Hannunka Ya Je Ingila

Zuwa ga Malam,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana da rai ma ba ka karatun boko, kai da ka yi ta yi mini dariya lokacin da nake zuwa ajin yaƙi da jahilci. To, yau ga ranarsa.

Jikanka Habu, angon nawa, ya zama abin da ya zama. Yanzu ba a cewa Habu, sai Dakta. Wai duk ƙasar nan ba wanda ya kai shi sanin ciwon rawar jiki, wannan da ya raba ka da askarka. Wai Turawa na karanta takardunsa, ɗalibai na haddacewa. Har a rediyo na ji shi yana zuba. Ranar Juma'a ya zo a sabuwar fijo, da wando mai faɗin ƙafa yana share mini tsakar gida, yana mitar shanun kasuwar Wudil sun tare masa hanya.

Littafi ya kawo mini in gani. Malam, hannunka ne a ciki, da tabon nan na babban yatsa. A ɗaya hoton kai ne tsaye, ba riga ba hula, an ja baƙin layi a idonka wai don kada a gane ka. Wanzamin da ya aske rabin Dagumawa, wa zai kasa gane shi? Sunanka kuwa babu, lamba aka sa maka. Ni shekara hamsin ban kama sunanka ba don kunya. Shi don me? Nasa sunan dai na nan a sama, ɓaro-ɓaro, wannan kam na iya karantawa.

Na tambaye shi maganin fa, ya ce ana kan bincike. Tun kana iya riƙe ludayi ake kan binciken nan. Ciwonka ya kai shi Ingila, kai ko Kano bai kai ka ba. Ranar da aka kai ka makwanci yana can yana nuna wa Turawa hannunka. Uku, bakwai, arba'in, ba mu ga ƙeyarsa ba, sai takardar waya.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ranar da ya zo da abin hotonsa ka ce ba za ka tuɓe riga gaban jika ba, ni na sa ka. Na tsokane ka, na ce kishin angona kake yi. Ka tuɓe, ka kwana uku ba ka dube ni ba. Wallahi na zaci magani ne zai biyo baya. Ka yafe mini.

Ga labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Tun damina hannuna na dama ya fara. In na ajiye shi a cinya sai yatsun su dinga murzawa, kamar ina jan carbi ba carbi. Ka tuna haka naka ya fara? Ba wanda na gaya wa. Amma da na miƙa wa Dakta fura, ba fuskata ya duba ba, ƙwaryar ya ƙura wa ido, irin kallon da mahauci ke yi wa sa. Nan take ya shiga tambaya, wai da gaske ni da kai 'ya'yan wa da ƙani ne? Har bakinsa na rawa don murna. Na ce goro ne ya yi mini yawa.

Juma'a mai zuwa zai dawo da abin hotonsa da farar takarda, in zana masa da'ira. Ina jin tsoro, Malam, kai kaɗai zan gaya wa. Na ga inda hanyar nan ta kai ka. Amma ba zan zama lamba ta biyu ba. In hannuna yake so, ya zo ya zauna a tabarma ya riƙe shi, kamar yadda na riƙe nasa yana koyon tafiya. In ba haka ba, zama zan yi a kan hannun har ya koma.

Ya taɓa cewa masu ciwon nan rubutunsu ƙanƙancewa yake yi. Na duba farkon takardar nan, na duba ƙarshenta. Ashe wani abin ya sani, ɗan banza. Shi ya sa a murhu zan sa ta, kafin ita ma ta je Ingila.

Sai na zo. Ka matsa mini wuri.

Taka,
mai dama maka fura, tana zubar da rabi yanzu.