Ɓawon Albasar Kaka Milka

Milwaukee, watan Afrilu

Zuwa ga Malam,

Ka yi haƙuri da na dame ka alhali kana tsakiyar jinyar Inna. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin nata? Yaya mutanen Gusau? Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ka ladan ɗawainiya. Mu nan lafiya lau, sai sauran sanyi.

Maganar Zuwaira ce. Kafin ka tafi ka ce ɗaukar hoto ba sana'a ba ce, ta tattara ta koma karatun haɗa magunguna. Ban yi maka musu ba, yanzu ma ba musu zan yi ba. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa.

Maƙwabciyarmu Kaka Milka za ta bar gidanta bana, ta koma wurin 'yarta. Shi ya sa jikarta Jelena ta ɗauki Zuwaira aiki, ta yi hoton tsohuwar tana rina ƙwan bikinsu na Ista karo na ƙarshe a kicin ɗinta. Ni ɓawon albasar da nake tara mata tun hunturu na kai, kamar kowace shekara. Haƙƙin maƙwabtaka ne, ibadarsu kuwa tasu ce.

Ka san yadda Sabiyawa, mutanen ƙasar su Kaka Milka, ke yi: a manna ɗan ganye a jikin ƙwai, a ɗaure shi tamau cikin tsohuwar safa, a dafa da ɓawon har ya yi ja. To bana hannun tsohuwar rawa yake yi. Da ta ga kyamara sai ta tura hannuwan ƙarƙashin tebur, ta ce ba wanda zai ajiye hoton wannan abin kunya. Jelena ta yi lallashi har ta gaji.

Malam, sai 'yarka ta yi dabara. Ta mayar da kyamarar jaka, ta ja kujera kusa da taga, ta ɗauki ƙwai ta fara ɗaurewa. Ɗauri kuwa sakwa-sakwa, ganyen na zamewa. Na tabbata da gangan ne, don ni na koya mata ɗaurin alale. Tsohuwa ta daure, ta daure, can ta kasa.

"Ke 'yar nan, ƙwai kike ɗaurewa ko zani kike yafa masa? Miƙo nan kafin ki ɓata mini albasar uwarki."

"Kaka, ai ni hoto na iya."

"To je ki yi abin da kika iya, ki bar wa manya aiki."

Da izininta ke nan aka ciro kyamara. Rawar hannun ba ta daina ba, amma ƙullin ya ɗauru. Da aka dafa aka kwance, ga siffar ganye fes a kan jan ƙwai. Zuwaira ba ta nuna wa Jelena hoto ko ɗaya ba sai da mai hannun ta gani, ta goge waɗanda ba ta so. Ɗaya kuwa ta daɗe tana kallo, ta ce hannun mahaifiyarta ne sak. Yanzu matan cocinsu sai kira suke, kowa na son a ɗauki tsohuwarta.

Ban yabe ta a gabanta ba, ka san halina. Amma a hanyar gida na riƙe mata jakar.

Takardar komawa makarantar tana kan teburinta, ta cike, ba ta aika ba. Ta ce ba za ta ci gaba da sana'ar da babu albarkarka a ciki ba. Don Allah ka amsa da wuri, kuma ita za ka rubuta wa, ba ni ba.

A gaida Inna da kyau.

Taka,
Hurera