Abincin Duna

Yaya Harisu,

Gaisuwa mai yawa daga Legas. Ya jikin Inna, ya mutanen Sandamu? Ni lafiya lau, ina samun abinci, sai dai karen maigidana yakan riga ni ci.

Ka ce karena Duna ya rame, gashinsa na zuba. Na tambayi likitan da ke duba na maigida. Ya ce dusa da ƙanzo ba sa riƙe kare, sai an haɗa da ƙwai ko kifi. Da wane baki zan ce ku ba kare ƙwai, yaranka na kallo?

Ku dai riƙa kiran sunansa, Allah ya ba ku lada. Ni kullum nama nake auna wa karen wani, da hannun da ya raini Duna.

Ƙaninka,
Nu'uman