Wai Ni Zan Ciyar da Shi

Litinin, 5 ga Fabrairu, 2024

Yau na je ofishin biza na makaranta a kan maganar kawo Maigida. Shekara biyu ke nan ina Kuala Lumpur ina fama da digiri na uku, shi yana shagonsa na ɗinki a Kano, aure ya koma na waya. Na gaji, kuma ina kewarsa. Bara da zazzaɓin dengi ya kwantar da ni, Kausar ce ta yi jinyata, ita da muke haya tare a Pantai Dalam. Shi kuwa sai dai ya kira ya yi ta jera mini sannu.

Matar ofis ta ce boleh, wato zai yiwu, ai abu ne mai sauƙi. Takardar aure, fasfo, hotuna, sai bayanin asusuna na banki na wata uku, don a ga ina da abin da zan riƙe shi. Ni ce mai ɗaukar nauyi, shi ne abin ɗauka. Sai da na fito bakin matakala na yi dariya ta ishe ni. Ni Hureira, wai ni zan ciyar da Yusha'u. Ga shi ma na rubuta sunansa gatsau, fom ɗin nan ya fara koya mini rashin kunya.

Talata, 6 ga Fabrairu

Na duba asusun, dariya ta koma ciki. Wayam.

Kuɗin sikolashif sai sun ga dama suke zuwa, da sun zo makaranta da mai gidan haya su raba. Abin da nake ci kuwa na Maigida ne, kuma bai taɓa bi ta banki ba. Duk ƙarshen wata zai kai naira wurin ƙanin Alhaji Bala, wani ɗan kasuwarmu da ke nan, can a Kano, ni kuma in hau jirgin ƙasa zuwa unguwar Wangsa Maju, Alhaji Bala ya ba ni ringit a hannu, ya haɗa mini da ƙullin kuka ko daddawa. Haka kowa yake yi a nan, ba wanda ya taɓa cewa wata rana za a nemi shaida. A takarda dai, shekara biyu iska nake sha.

Juma'a, 9 ga Fabrairu

Na gaya masa. Da ƙyar muke jin juna, saboda injinsa na aikin wuya mai kwamfuta yana ta ruri a bayansa. Injin da ya yi shekaru yana tari kafin ya saya, har yake kiransa Hajiya don tsada da son lallaɓa.

Ni da tsokana, na ce masa daga yau ya zama ɗan riƙona, har na canza sunansa a waya zuwa hakan. Bai yi dariya ba. Ya kashe injin, ya ce, "Dokta, ranar ɗaurin aure a gaban jama'a aka ce an ba ni ke da ci da sha da sutura, wakilina ya ce mun karɓa. Yanzu kuma sai a rubuta ke za ki ciyar da ni?"

Na ce takarda ce kawai. Ya tambaya ko zai iya buɗe shago in ya zo. Na ce irin wannan bizar ba a aiki da ita. Ya ce zai yi tunani.

Tunanin me?

Laraba, 14 ga Fabrairu

Kausar ta kawo shawara muna cin roti a mamak, gidan abincin unguwarmu. "Relax lah, kowa haka yake yi. Students su tara miki, ya zauna three months, ki mayar wa kowa nasa." Ashe akwai kuɗin da ke yawo daga asusu zuwa asusu kamar tukunyar biki, duk mai son kawo iyali a sauke masa.

Na kira shi da murnata. Ya ce shi ba zai shiga ƙasar mutane da kuɗin aro na nuna wa hukuma ba. Raina ya ɓaci. Na ce masa girman kansa ya fi kewata yawa, in ba ya son zuwa ya faɗa kawai. Na kashe wayar tun bai amsa ba.

Lahadi, 25 ga Fabrairu

Bai kira ba, ni ma ban kira ba. Saƙon gaisuwa dai yana zuwa kullum, gajere kamar na ɗan haya.

Asabar, 2 ga Maris

Ina ɗakin gwaji Alhaji Bala ya kira. Ya ce Maigida ya aiko da saƙo mai nauyi, wannan karon ta banki za a saka mini, kuma an ce kada in taɓa. Na duba, har ya ɗan haura abin da ake nema.

Na kira shi nan take. Daga ina? Ya ce Allah ne ya hore. Ban matsa ba, gaskiya ban so in matsa ba. Na ce to ɗan riƙona ya fara haɗa jaka. Wannan karon ya yi dariya, 'yar gajeriya.

Laraba, 13 ga Maris

Azumi ya kama. Bayan na sha ruwa na kira shi ta bidiyo, su can azahar ma ba ta yi ba. Muna ta hira, sai na lura ina jin kowace kalmarsa tas. A watan azumi, lokacin ɗinkin Sallah, da ko sallamarsa ba na ji don ƙarar Hajiya.

Na ce ya juya mini kyamara in ga shago. Ya ce me zan gani. Na nace.

Lungun babu komai. Sai shatin ƙafafun injin a kan siminti, da buta an ajiye a wurin.

Ya sayar. Tun kafin azumi, a daidai lokacin da injin yake biyan kansa. Yanzu in an kawo masa aikin wuya, shagon wani yake kaiwa ya biya a yi masa. Na fara share hawaye. Ya ce, "Kada ki yi kuka da bakin shan ruwa. Ciyarwa tawa ce, Dokta. Su rubuta sunanki, ni dai na san daga inda ta fito."

Ni kuma na ce masa ba ya son zuwa. Da bakina na faɗa.

Laraba, 10 ga Afrilu

Sallah. Na sa atamfar da ya ɗinka mini kafin in taho. Ta yi mini yawa yanzu.

Talata, 4 ga Yuni

Wata uku sun cika, na kai takardu. Matar ofis ta bi bayanin bankin da yatsa, ta yi murmushi, ta ce madalla, ga mace mai iya riƙe miji. Ta nuna mini inda mai ɗaukar nauyi yake sa hannu.

Saura kaɗan in ce mata wannan ba kuɗi ba ne, inji ne, kuma ba nawa ba ne. Na dai sa hannu. A matakalar da na yi dariya rannan, yau wucewa kawai na yi.

Juma'a, 19 ga Yuli

An amince! Zai bar wa ƙaninsa Ubale shagon. Ya tambaye ni me mutum yake yi a can daga safe har in dawo daga makaranta. Na ce zai huta. Ya ce to. Mutumin da ko ranar Sallah sai ya leƙa shago.

Asabar, 27 ga Yuli

Na gyara ɗaki. Kausar za ta koma wurin ƙawarta Zuhra a ƙarshen wata.

Da nake dawowa daga kasuwa na ga tsohon keken ɗinki a wani kedai, wato shagon kayan gwanjo, irin mai ƙafa, baƙi. Tsayawa kawai na yi in duba. Ban san yadda aka yi kuɗin da nake tarawa na sabuwar waya suka tafi ba. Tsohuwar wayar ai ba laifinta, da na mayar da sunansa Maigida ba ta yi gardama ba.

Kausar ta ga ana hawo da shi bene, ta ce yaushe na fara ɗinki. Na ce hijabaina ne duk bakinsu ya warware. Ta kalle ni, ta ce okay lah.

Na sa an ajiye shi jikin taga, nan haske ya fi. Ko zare ban iya sa wa allura ba, amma zan koya. Ba don kowa na saya ba.

Kujerar ce dai na zaɓi doguwa, ƙafata ma ba ta kai ƙasa.