Muryar Uban Garwashi

Juma'a, 4 ga Yuli, 2025

Wasan yau ya yi daɗi. Bayan la'asar muka haɗu a shagon ɗinkin Kamilu, ni da shi da Sagir. Khadija 'yar kawuna tana Tudun Wada, ta waya take bin mu. Ni ke ba da labarin, su kuma kowa da jaruminsa, in faɗa ya tashi a jefa ƙwayar ludo. Yau jaruman suka isa birnin Haikalin Wuta, wato gidan bautar wuta, inda ba mai hura murhu sai ya sayi garwashi a hannun manyan haikali. Wanda ya ƙi, ya wayi gari rumbunsa ya zama toka, a ce Wuta ce ta zaɓe shi. Shugabansu Uban Garwashi, ƙiba har wuya, talakawa na tauna ɗanyen gero. Saboda Khadija na naɗi jawabinsa na tura mata, na tura wa su Sagir ma: "Ku durƙusa wa Wuta! Ita ta raya ku, ita za ta cinye ku!" Kamilu ya yi dariya har ya karya allura. Sun rantse sai sun rushe haikalin nan.

Talata, 8 ga Yuli

Baba Maikano ladan har yanzu ƙafar ba sauƙi, ni nake kiran salla tun azumi. Inna ta ce in ta ji ni a lasifika ajiye tsintsiya take yi.

Alhamis, 10 ga Yuli

Sagir ya tura muryar wa wani abokinsa a Kwanar Dangora, wai don ya ji yadda na iya. Shi kuma ya tura gaba. Wani a hanya ya yanke farkon, inda na ce ga abin da mugun yake faɗa. Ɗan achaɓan da ya kawo ni gida ya kunna min ita. "Ka ji wani tsinanne a garin nan, wai wuta yake bauta wa." Na ce Allah ya kyauta. Da ya ji maganata sai ya waigo ya dube ni.

Juma'a, 11 ga Yuli

Duk garinmu Kiru an san muryar. Ta yaya ba za a sani ba? Sau biyar a rana suke jin ta.

Litinin, 14 ga Yuli

Malam Liman ya kira ni zaure. Na durƙusa na yi bayani tun daga farko: labari ne, mugaye ne, kuma a ƙarshe rushe su za a yi. Ya saurara, bai katse ni ba. Ya ce, "Mu'azu, ni na yarda da kai. Na san mahaifinka, Allah ya jiƙansa. Amma bakin da ke kiran mutane salla ne ya faɗi wannan kalma." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ko a tafsiri ana faɗin abin da Fir'auna ya ce." Ya ɗauki carbinsa yana ja. Can ya ce in huta da lasifika tukuna, har ƙura ta lafa. Abdulganiyu ɗan maƙwabcinsa zai riƙa kiran sallar.

Ban yi kuka a gabansa ba.

Asabar, 19 ga Yuli

Shagona na maganin gona da na dabbobi shiru. Lokacin feshi ne, ga magani jere a kanta, ba mai tsayawa. Hamma Sale da ke zuwa daga ruga sayen maganin shanu ya wuce ta gabana, ya ɗaga hannu, ya shiga shagon gaba. An rubuta "gidan majusi" da gawayi a bangonmu. Na tarar da Inna tana gogewa da tsumma, tana cewa yara ne, yara ne kawai. Ba ta dube ni ba.

Lahadi, 20 ga Yuli

Khadija ta yaɗa cikakkiyar muryar, da farkonta da komai. Ba wanda ya tura ta gaba. Kawu ya karɓe wayarta.

Lahadi, 27 ga Yuli

Sagir ya zo ba da haƙuri. Ya tsaya a soro yana murza hula. "Wallahi muryar burge ni ta yi." Na san gaskiya yake faɗa, shi ya fi ciwo. Ba wanda zan tsana. Da haikalin ne, da na san inda ƙofarsa take.

A masallaci na shiga sahu, na kusa da ni ya matsa, aka bar wuri tsakaninmu kamar an tanadar wa wani.

Juma'a, 1 ga Agusta

Kamilu ya ce mu ƙarasa wasan, ko mu biyu ne, a rufe shago. Jarumai suna tsaye a ƙofar haikali tun wancan watan. Na ce ya ƙare. Ya ce yaya aka yi? Na ce an ƙone su, mutanen gari kuma sun je kallo. Ya ce ai ba a jefa ƙwaya ba. Na ce ba sai an jefa ba.

Talata, 12 ga Agusta

Malam Liman ya aiko, wai in zo mu yi magana, maganar ta fara sanyi. Na ce wa ɗan aiken kaina ke ciwo.

Abdulganiyu yana gaggawa a kiran asuba, yana haɗiye ƙarshen kalma. Da, in na ji, ƙirjina har zafi yake. Yau na ji shi sarai, na tashi na yi alwala, na shimfiɗa darduma a ɗaki. Damina ce, hanyar masallaci duk taɓo. Jiya ma haka na yi, shekaranjiya ma. Saboda taɓon ne.

Inna ta leƙo ta gan ni a kan darduma. Ta ja ƙofar a hankali.