Ɗan Hutu, Yatsan da Ba Ya Taɓa Siminti

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Na ba direban da ke jigila zuwa garinku wannan takarda don kin san waya tana cinye min rabin magana.

Na taɓa jin wani labari a bakin wanzami, wai akwai wata na'ura a ofishin tallafin tsofaffi da ba ta ganin magina. Kowa ya ɗora yatsa sai ta ce ta san shi, magini ya ɗora sai ta ce babu kowa a wurin. Na yi dariya har aska ta kusa yanka ni. Na ce da shi, mu da muka gina ofishin?

To ga abin da ya faru. Bankin da ake zuba min tallafi zai rufe reshensa, an ce kowa ya kai sabon asusu kafin ƙarshen wata, in ba haka ba sunansa ya fita daga tsarin sai an sake buɗe rajista, Allah kaɗai ya san yaushe. Ni kuwa abin ya zo min daidai, don an buɗe wani banki a bakin titinmu, kusa da mai gyaran keke. Babu sauran hawa mota. Sun ba ni kati mai sheƙi, ina ta juya shi kamar yaro da sabon takalmi.

Na sa farar rigata, na ɗauki abokina kafinta ya raka ni ofishin. Wata ma'aikaciya mai tabarau ta karɓi takarduna, ta ce saura abu ɗaya, in ɗora yatsa a gane ni ne. Na ɗora babba, wuta ta yi ja. Na ɗora na dama, na ɗora na hagu, na jera duk masu lanƙwasuwa, ja. Ta juya tafin hannuna ta duba, ta ce, "Baba, wace sana'a ka yi?" Na ce gini. Ta ce siminti ya cinye zanen yatsuna, sun yi sumul kamar bayan cokali. In je in hutar da hannu in dawo.

Ashe wanzami ma yakan yi gaskiya. Kada ki damu, abu ne ƙarami.

Mahaifinki.

*

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, yara suna gaida kakansu.

Baba, ba ƙaramin abu ba ne. Da wannan tallafin kake cefane, da shi kake sayen maganin hawan jini. Ni nas ce, na san fata tana farfaɗowa, amma sai an bar ta. Na ba direba basilin da safar hannu. Ka shafa safe da yamma, ka sa safar. Kada ka taɓa siminti, kada ka taɓa yashi, ko omo kada ka taɓa.

Kuma bari in faɗa tun yanzu don kada ka ce na yi maka kwanton ɓauna. In sunanka ya fita, ba zan bar ka kai kaɗai a gidan nan ba. Tun rasuwar Inna nake roƙonka ka dawo wurinmu kana cewa kana da abin riƙe kanka. In abin ya tsaya, hujjarka ta ƙare. Mun riga mun share maka ɗakin da ke kusa da falo.

Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka.

*

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙo ya iso, har da barazanar da ke cikinsa. Ki gaida ɗakin kusa da falo, ki ce masa ya nemi wani. Gidan nan ni na ɗora kowane bulo nasa, uwarki tana miƙo min ruwa. Ba inda za ni.

Yanzu ki zo ki ga mahaifinki. Ina zaune a ƙofar gida da hannuwa biyu cikin safa, na ɗora su a gwiwa kamar amarya mai jiran ƙunshi ya kama. Kafinta ne yake ɗaura min igiyar takalmi, kuma duk wanda ya wuce sai ya tsayar da shi ya nuna masa. Mai gyaran keke ya tambaye ni ko dambe zan fara.

Safar hagu ma ta ƙi shiga sai da na huda ta, saboda Ɗan Hutu. Kin tuna shi, ƙaramin yatsan nan da bulo ya faɗo wa tun kina goye, ya sandare ya miƙe sama. Tun daga ranar bai ƙara riƙe cokalin gini ba. 'Yan'uwansa tara suna cikin kwaɓi, shi yana tsaye yana kallo kamar mai kwangila. Yanzu ga shi ya leƙo ta hudar safa, shi kaɗai yake shan iska.

Amma ga albishir. Jiya na ari tabaraun kafinta na duba babban yatsana a rana, wallahi na ga layi-layi sun fara fitowa, sirara kamar sawun tururuwa. Na nuna wa kafinta, na nuna wa mai shayi, na tsayar da mai kai wasiƙu na nuna masa. Uwata, ashe mutum yakan tsiro a wannan shekarun. Ki shirya jin labari mai daɗi.

Mahaifinki.

*

Zuwa ga 'yata nas,

Sallama da gaisuwa. Ni ne kawunki kafinta. Ban iya doguwar takarda irin ta babanki ba, shi da ko gaisuwa sai ya yi mata harsashi.

Ba gulma na zo yi ba, amma gara ki ji. Shekaranjiya na shiga gidan da hantsi na tarar da safar hannu a rataye a kan igiya, ita kaɗai. Na bi ƙarar cokali har ɗakin marigayiya. Ga mutuminki a kan benci, kwanon kwaɓi a gabansa, yana filasta. Kuma kin san halinsa, in ya gama da cokali sai ya bi kusurwa da yatsa, wai cokali ba ya jin abin da yatsa ke ji.

Na ce, "Kai tsohon banza, me kake yi?"

Ya ce, "Na ɗauko wani magini ya yi min, na zauna ina kallo. Ka ga yadda ya karkatar da bakin tagar nan? Ko akuya ba za ta yarda ta kwana a ciki ba."

Na ce, "To yatsun fa?"

Sai a lokacin ya dube su. Layin nan da ya tara mana jama'a a kansa, babu ko ɗaya.

Ƙarshen wata ya matso. Ki yi abin da kika ga ya dace, amma kada ki ce ni na faɗa.

Kawunki.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Na ji komai, kuma ba sai ka tambayi inda na ji ba.

Ɗakin da ba mai kwana a ciki, shi ne ya fi maganinka? Na yi kuka, na yi fushi, yanzu na gaji. Na yi magana da direba, zai zo da babbar mota farkon wata. Ka ware abin da za ka ɗauka. Ka je ofishin dai ranar ƙarshe, don kada a ce ba a gwada ba.

Ka yafe min in na ɗaga murya.

'Yarka.

*

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa. Ki zauna kafin ki karanta, kuma ki kira yara.

Na je. Ban sa farar riga ba, don ban ga abin yi wa ado ba. Kafinta yana gefena yana ta yi min nasiha irin ta wanda ya san ya yi laifi. Layi har waje, tsofaffi kowa da takardunsa a leda. Da aka zo kaina, ma'aikaciyar nan mai tabarau ta gane ni, ta ce, "Baba magini, an huta?" Na ce an ɗan taɓa. Ta dubi hannun, ta dube ni, ta matso min da na'urar kawai. Yarinyar tana da tarbiyya.

Muka fara. Babba, ja. Manuni, ja. Ta goge gilashin, ta ce in hura wa yatsun iska, ja. Na jera na hagu, ja. Na ji ƙarar babbar motar nan taki a cikin kunnena. Na fara tattara takarduna.

Sai ta ce, "Baba, wannan da ya ɗaga kai fa? Tun ɗazu ban ga ya sauka ba."

Na ce, "Rabu da shi, 'yata, wannan ba ya aiki. Ba ya lanƙwasuwa."

Ta ce, "Ranar da aka fara yi maka rajista an ɗauke shi?"

Kafinta ya yi caraf ya ce, "An ɗauka, ni na danne shi da hannuna, yana ta zagina."

Ta ce to in shi ba zai sauko ba, bari a je masa. Ta ɗaga na'urar daga kan tebur da wayar wutarta da komai, ta karkata ta, ta kai ta har gaban Ɗan Hutu, kamar ana kai wa babban mutum ruwan wanke hannu. Ya taɓa gilashin da ƙyar, don ko a nan bai so wahala ba.

Kore, Uwata. Wuta ta yi kore, hotona ya fito, da hular nan da uwarki ta tsana. Tsofaffin da ke bayana suka ɗauki tafi. Wata tsohuwa ta ce a ɗaga mata yatsan ta gani, na ɗaga, da ma a ɗage yake. An shigar da sabon asusun, saƙo ya shigo wayata tun kafin mu kai bakin titi. Kafinta ne ya karanta min, sau biyu, da ƙarfi, don mai gyaran keke ya ji.

Shekaru ina zagin yatsan nan. Tara sun ciyar da ku, sun ƙare a kan aiki, na goman yana ajiye da sunana.

Maganar ɗaki kuwa, kin ce ba mai kwana a ciki. Tun rasuwar uwarki in kin zo ba kya kwana, kina cewa bango yana zubar da ƙasa a kan yara. Yanzu ba ya zubarwa. Kafintan da ya kai miki rahoto, shi ya yi ƙofar, ki tambaye shi ko ya sa wannan a takardarsa.

Kada ki sallami direba. Ya zo da babbar motar yadda kuka shirya, amma ke da yara a ciki.

Mahaifinki.

*

Uwata,

Amsarki ta iso, na ji ranar da za ku taso. An shimfiɗa tabarma, an sa labule. Basilin ɗin da ya rage Ɗan Hutu nake shafa wa, shi kaɗai, da safe da yamma.

Labarin na'ura yana nan yana yawo, har ya yi ƙiba. Yanzu cewa ake wani tsohon magini ya je ofishin, hannu ya ƙi, sai ya cire takalmi ya ɗora yatsan ƙafa. Wanzami ya ba ni, mai shayi ya ba ni. Wanda ya ba ni na ƙarshe, da rantsuwa cewa a gabansa aka yi, kawunki ne kafinta.

Allah ya kawo ku lafiya.

Mahaifinki.