Jarrabawar da Babanku Ya Ci

Zuwa ga ɗana, Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah Ya ƙara muku rufin asiri, Ya sa albarka a neman da ya kai ka nesa da mu. Mu nan sai godiya. Gwiwar da ke damuna ta yi sauƙi, ko da yake hawan bene har yanzu sai na tsaya a tsakiya na yi kamar ina gyara takalmi. Gwaggonku ta zo ta ɗan kwana mana biyu, ta tafi ta bar mu da ƙarar muryarta a kunne. Kawunku kuma ya sayar da tsohuwar motar nan a ƙarshe, unguwa ta huta da hayaƙi da turi.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna alhali ba mu daɗe da yin waya ba. Duk lokacin da ka kira, babanku yana gefena, kunnensa kuwa bai tsufa ba ko kaɗan. Shi ya sa kullum nake ce maka lafiya lau. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma kai ne babba. Ka samu wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa. Maganar babanku ce da ƙanwarka Auta.

Ka san yadda rayuwar Auta ta kasance tun da ta shiga karatun likita. Yarinyar nan ba ta da ɗaki, akwati gare ta. Yau tana asibitin yara, kafin in riƙe sunan wurin an tura ta wani ƙauye karɓar haihuwa, daga can sai wani gari sashen tiyata. Katifa mai naɗewa, tukunya ɗaya, bokiti cike da littattafai, da akwatin nan da tayarsa ɗaya ta fita, tana jan sa yana kuka kamar ɗan akuya. Bana abin ya ƙaru, domin bayan jarrabawar ƙarshe sai da ta yi ta zuwa manyan asibitoci ana yi mata tambayoyi, tana neman gurbin horon da zai mayar da ita ƙwararriyar likitar yara. Takan shigo gida a rame, ta yi barci kamar an doke ta, ta wanke kaya, kafin su bushe sosai ta sake naɗe su.

Kai ka bar gida kafin wasan da ke tsakaninta da babanku ya yi ƙarfi, bari in ba ka labarinsa. Tun shekararta ta farko shi ne majinyacinta na gwaji. Idan tana gida, da la'asar zai rufe shagon ɗinki, ya zo ya miƙe a doguwar kujerar falo. Ita takan karanta masa cututtuka daga littafinta, shi kuma ya zaɓi ɗaya a ransa ba tare da ya faɗa ba, ya kwaikwaye ta, ita ta gano. Ban san na auri ɗan wasan kwaikwayo ba sai da na tsufa. Mutumin nan zai riƙe ciki yana nishi, ko ya ja ƙafa, ko ya yi ta numfashi sama-sama, ita tana bin sa da abin sauraron ƙirji da 'yar gudumar roba. Ran da ya kwaikwayi shanyewar ɓarin jiki, ya karkace baki har miyau na zuba, maƙwabciyarmu ta shigo aron turmi, ta fita a guje neman mota. Mun yi dariya har na riƙe bango. Auta takan ce rabin abin da ta iya a jikinsa ta koya, shi kuwa yana bugun ƙirji wai likitoci biyu za a yaye, ita da shi.

To, a cikin wannan wasan ne abin ya shigo mana ba mu sani ba. Lokacin da take shirin jarrabawar ƙarshe ta kai kan cututtukan ƙwaƙwalwar tsofaffi. Akwai gwajin da suke yi: a faɗa wa mutum kalmomi uku ya riƙe, a tambaye shi rana da wata, a sa shi ya zana agogo, sannan a ce ya maimaita kalmomin nan. Ta ba shi lemo, kujera, makulli. Ya zana agogon ya tara lambobin duka a gefe guda, da aka dawo kan kalmomi ya kawo lemo kaɗai, ya tsaya yana kallon rufin ɗaki. Auta ta tafa masa, ta ce wannan ya fi duk na baya, ko a asibiti ba ta ga wanda ya yi mantuwa da kyau haka ba. Ya dube ta, ya dube ni, sai ya yi dariya tare da mu. Ni ma na yaba masa, Babana. Ina tsaye da tsintsiya a hannu ina cewa wannan tsoho Allah Ya shirye shi.

Daga nan abin ya riƙa fita daga falo. Zai nemi almakashi ya ce a miƙo masa abin nan, abin nan. Na tsinci tef ɗin awonsa a cikin firij. Na yi masa faɗa, na ce likitarka tana can wani gari, wa kake yi wa wasan? Sai ya ce ai dole ya riƙa motsa hannu kafin ta dawo. Yanzu na gane ya riga mu sani, ya samu wasan ya laɓe a bayansa. In da wani gida ne da tuni an kai shi asibiti. Mu da muke da ɗalibar likita a ɗaki, mu ne muka zauna muna yi masa tafi. Wannan yana ci mini rai, ba zan ɓoye maka ba.

Auta ce ta gano. Ta dawo daga wata tafiyar neman gurbin nan ba ta sanar ba, ta bi ta shago don ta karɓi fararen rigunan aiki da ta ce ya ɗinka mata. Ta tsaya a bakin ƙofa bai gan ta ba. Yana zaune gaban keken ɗinkin da ya ciyar da ku duka, zare a hannunsa, yana ɗaga shi yana saukewa, bai san ta inda ake zura shi ba. Babu kowa a shagon, babu wanda zai yi wa wasa. Ta ce ta daɗe tana jiran ya ɗago ya yi dariya. Ta juyo gida da akwatinta, ko gaishe ni ba ta yi ba, ta shige kicin ta zauna a ƙasa. Kukan da ta yi ran nan tun tana goye ban ji irinsa ba.

Mun kai shi wurin babban likita, aka yi hotuna da gwaje-gwaje, aka tabbatar. Cutar mantuwa ce irin wadda ba a warkewa, magani yana rage mata gudu ne kawai. Muna cikin wannan jimami saƙo ya zo cewa Auta ta samu gurbin, a asibitin da ta fi so, wanda kuma ya fi kowanne nisa. Shekaru za ta yi, aikin ba dare ba rana, hutu sai ɗan abin da ba a rasa ba. An ce ta bayyana kafin ƙarshen wata, in ba haka ba a ba wani. Abin da ta yi shekaru tana jan akwati dominsa ke nan, amma ta karanta ta kife wayar, ta ce ba za ta je ba. Ta ce za ta nemi ɗan aiki a ƙaramin asibitin unguwa ta zauna kusa da shi. Na lallashe ta, na yi faɗa, na yi fushin kwana biyu. Na ce mata zamanta ba zai mayar masa da ko kalma ɗaya ba, ita ma ta san haka fiye da ni. Ka san taurin kanta, a wurina ta ɗauko. Da ƙyar ta yarda da sharaɗi guda: kafin ranar tafiya za ta sake yi masa gwajin nan, idan maganin ya kama shi za ta tafi, idan ya faɗi ta zauna.

Mun ɗauka bai bi zancen ba. Washegari da safe, da ta fita kasuwa, ya same ni ina wanke-wanke, ya tsaya a kaina kamar yaron da ya yi laifi. Ya ce, “Ki koya mini. Kada yarinyar nan ta zauna saboda ni.” Na ajiye kwanon, na goge hannuna, muka zauna.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka duk lokacin da ta sa ƙafa waje mu kuma makarantarmu ta buɗe. Lemo, kujera, makulli. Ina faɗa yana maimaitawa, a wurin cin abinci, a kan bene, yana alwala ina tsaye a bayansa. Agogo kuwa na kama hannunsa muna zanawa a bayan tsofaffin kwalaye, in yayyaga in zuba a shara kafin ta dawo. Wata rana ya kawo duka, wata rana ya dube ni kamar ban taɓa faɗa masa ba, ya yi fushi ya ce ni ce ba na iya koyarwa. Mutumin da yake kallon mutum sau ɗaya ya yanka masa riga ba tare da awo ba, shi nake koya wa inda sha biyu take a agogo. Sau da yawa nakan ce zan duba tukunya, alhali babu abin da na ɗora.

Ranar gwajin ya yi wanka, ya sa hula, ya miƙe a doguwar kujera kamar yadda suka saba. Ni ina bakin ƙofa. Abin da nake tsoro shi ne na sha jin ta tana gaya wa abokan karatunta a waya cewa idan za a maimaita wa mutum gwajin, dole a canza kalmomin, don kada ya zama hadda ya yi. Ta zauna a gabansa, ta daɗe tana kallon sa, ta kalli yatsunsa da tawadar biro ta ɓata, ta waiwayo ta kalle ni. Labarin zuciya a tambayi fuska. Na tabbata ta gane komai. Sai ta buɗe baki a hankali ta ce lemo, kujera, makulli. Ya faɗi rana daidai, domin na raɗa masa ita da safe. Ya zana agogon yana gumi, lambobin sun ɗan karkace amma sun zagaya. Ya kawo lemo, ya kawo kujera, ya tsaya. Can sai ya ce makulli, da ƙarfi, har da nuna ta da yatsa. Ta ce masa ya ci, ta sunkuya ta kifa goshinta a kan hannunsa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Har ta tafi ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban ce mata komai ba.

Mun raka ta tasha. Ya dage shi zai ja akwatin, ya yi mata addu'a mai tsawo ba tare da ya yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, ya ce ta kula da 'ya'yan mutane. Fararen rigunan kuwa a ɓoye na kai wa wani tela, ta karɓa ta yi wa babanku godiya kamar shi ya ɗinka, shi ma ya amsa. Ta isa lafiya, an ba ta ɗan ɗaki a bayan asibitin, ta ce tagarsa tana kallon wurin ajiye motoci, kuma ta fara aiki. Shi kuwa tun da motar ta tashi kamar wanda ya sauke kaya, abin ya riƙa zubewa da sauri. Da la'asar yakan miƙe a kujera ya tambaye ni ko ta kusa shigowa. Shago na rufe shi. Ranar da gwaggonku ta zo ya tarbe ta da fara'a, ya kawo mata ruwa da kansa, sannan ya bi ni kicin ya tambaye ni wace ce baƙuwar. Uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Ga abin da nake so a wurinka. Auta ta ce mini duk ranar da ta ji ni kaɗai ce da shi kuma jikin ya yi nauyi, za ta tattara ta dawo, kuma na san za ta aikata. Ba zan yarda wahalar da tsohon nan ya sha a kan kalmomi uku ta tafi a banza ba. Idan ta kira ka, kada ka yi mata ƙarya, amma ka ce mata kana hanya, kuma ka sa maganar ta zama gaskiya. Na san aiki, na san nisa, na san yara suna makaranta, ban taɓa ɗora maka nauyi ba sai yau. Zumunta a ƙafa take, Babana. Hotonka na jikin bango har yanzu idan na nuna masa yakan ce ai babban ne, ya yi murmushi. Ka zo tun yana gane ka da kansa. Zan iya zama in koya masa sunanka kafin ka iso, na ƙware yanzu, amma ba na so in tsaya a bakin ƙofa ina kallon ka kana yi masa irin karar da ƙanwarka ta yi.

Ka gaishe mini da maiɗakinka, Allah Ya saka mata da alheri. Ka shafa mini kan Sarkin Rigima da 'Yar Kaka da Ƙarami, ka ce kakarsu tana kewar ɓarnarsu. Ka isar da gaisuwata ga surukanka da maƙwabcinka mai gyaran rediyo. Gwaggonku da kawunku suna gaishe ka. Babanku yana nan kusa da ni, ya tambaye ni sau da yawa wa nake rubuta wa, kowane karo kuma ya ce in gaishe ka. Na isar da su duka.

Allah Ya yi maka albarka, Ya kawo ka lafiya.

Ni ce mahaifiyarka,
Inna