Tantin Mutum Nawa?

Goggo, don Allah ki taimake ni, ko da za ki yi mini dariya. Na san wasiƙun da kike samu na aure ne da rikicin gida, ni kuwa tanti ne ya hana ni sakat. Tanti dai na kwana a daji, irin mara nauyin nan da ake naɗewa a cusa a jakar goyo. Sau huɗu ina zuwa shagon da ake sayar da su, sau huɗu ina fitowa hannu rabbana. Mai shagon har ya fara yi mini kallon wanda ya zo shan iskar fanka.

Bari in faro miki daga tushe. Ina aiki a ofishin aika kaya, in ɗora kwali a sikeli, in rubuta nauyinsa, in manna takarda. Yayana, Allah ya jiƙansa, mai walda ne, ƙato, in ya yi dariya har maƙwabta sai sun ji. Shekara goma sha ɗaya, duk sanda na samu hutu sai ya rufe shagonsa mu ɗau jaka mu bi wata doguwar hanyar ƙafa da ta ratsa duwatsu. Mun raba ta zango goma sha biyu, kowace shekara zango ɗaya. Saura ɗaya tak.

Tantinmu tsoho ne, na mutum biyu, mai nauyin tsiya, don haka rabawa muke yi. Ni in ɗau yadin, shi ya ɗau sanduna da turaku da igiyoyi, har na laƙaba masa Mai Sanduna. Kullum shi ke haɗa jakunkunan. Sai ya ɗaga tawa da dama, tasa da hagu, ya ce daidai suke, wai hannunsa ya fi sikelin ofishinmu gaskiya. Ni kuma in yarda, don ina da ciwon baya tun ina saurayi, kuma ban so in bincika ba. Gaskiyar ke nan, ban so ba.

A zangon bara ya riƙa tsayawa a hawa yana dafe ƙirji, yana dogara da sandarsa ta tafiya, irin ta ƙarfen nan da ake zugewa ta yi tsawo. Ni da bakina mara linzami na dinga tsokanarsa, wai tsufa ya kama Mai Sanduna. Dariya kawai ya yi. Kwana goma sha tara da dawowarmu ya faɗi a wurin aiki, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce.

Bayan wata uku matarsa ta aiko mini da jakarsa yadda ya ajiye ta, ko kwancewa bai yi ba. Ban san abin da ya kai ni ba, na tafi da ita ofis tare da tawa. Da abokan aiki suka fita cin abincin rana na ɗora tasa a sikeli, sannan na ɗora tawa. Goggo, kilo bakwai ne tsakani, kuma ba ruwa ba abinci a ciki. Tasa ce mai nauyin, da na buɗe ta sai ga risho, tukunya, guduma, fitila, har rigar ruwana da nake zaton tana cikin kayana. Shekara goma sha ɗaya ina biye da shi ina fito, shi yana ɗauke da kayana. Ni da sana'ata awo! Tun ranar, duk kwalin da ya nuna bakwai a sikeli sai in tsaya sororo har mai kayan ya yi gyaran murya.

To, hutuna saura sati uku, kuma na ƙudurta sai na ƙarasa zangon nan. Tsohon tantin ba zai ɗauku mini ba ni kaɗai. Amma da na shiga shago, abin da mai shagon ke fara tambaya shi ne tantin na mutum nawa. Zuwan farko bakina ya ce biyu kafin hankalina ya iso, sai na juya na fita. Zuwa na biyu na daure na ce ɗaya. Ya kafa mini shi a tsakiyar shagon na rarrafa na shiga na kwanta. Ƙunci, rufin dab da hancina, hannuwana a miƙe a gefena. Kin san inda tunanina ya tafi. Na fito ina gumi, na ce masa fitsari ne ya matse ni.

Sai wani abokin aiki ya ara mini nasa, mara nauyi, na mutum biyu. Ran Asabar da rana na ture kujeru na kafa shi a falo. Ina shiga na tsinci kaina na takure a hagu, na bar dama fili, don Yaya ne mai kwana ta bakin ƙofa saboda shi ke riga ni tashi. Ina kwance, wallahi Goggo, na ji an ja zif a hankali, ƙir, ƙir, a tsaya, yadda yake yi don kada ya tashe ni. Uwargidana ta ce ita ce ke sa wa matashin kai riga mai zif a ɗaki. Wataƙila. Amma na sake ji a cikin bas, na sake ji a ofis, kuma ba ta wurin.

Ita cewa take in haƙura da tafiyar. Matar Yaya kuwa ban gaya mata zancen kilo bakwai ba, ina kunyar idonta. Na mutum ɗaya ya yi mini kama da kabari, na mutum biyu kuma akwai wanda ke cikinsa. Wanne zan saya? Kuma ki gaya mini tsakani da Allah, nauyin nan ne ya kashe shi?

Ƙanin Mai Sanduna

Ɗana, ban yi dariya ba. Allah ya jiƙan Yayanka, ya ba ku haƙuri.

Tambayarka ta ƙarshe zan fara ɗauka. Ni ba likita ba ce, kai ma haka, kuma sikelin ofishinku kwali yake aunawa. Je ka sami likitan da ya duba shi ka yi masa tambayar nan baki da baki, ka kuma sa a auna taka zuciyar tun kana wurin, tunda ciki ɗaya kuka fito. In ya ce kada ka hau dutse bana, to uwargidanka ta yi gaskiya, zangon zai jira ka. Abin da na sani shi ne mutumin da ke ɗaga ƙarfe kullum ya san bambancin kilo bakwai sarai. Da gangan ya yi, shekara goma sha ɗaya, don yana son ƙaninsa ya isa zango da bayansa lafiya. Laifinka na ƙin bincikawa ne, ka kuma amsa shi. Ka gaya wa matarsa. Ina kyautata zaton ta riga ka sani, don a gabanta yake haɗa kayan.

Zif ɗin da kake ji kuwa kewa ce. Kunnen da ya saba da ƙara ba ya saurin sakinta. In ta fara hana ka aiki ko barci, ka faɗa wa likitan ita ma, ba abin kunya ba ne.

Yanzu tanti. Na mutum biyu ya fi sarari, jakarka za ta kwana a ciki, amma ya fi nauyi, kuma bayanka ne zai ji a jikinsa. Na mutum ɗaya ya fi sauƙi, sai dai wanda aka gwada maka gajere ne. Ba duka ne haka ba. Nemi mai tsayin da za ka zauna daram a ciki kanka bai taɓa rufi ba, mai ƙofa ta gefe wadda za ka buɗe ka ga waje, da 'yar rumfa a bakinsa ta ajiye takalmi da jaka. Ka fi son mai rufi biyu, raga a ciki, yadin ruwa a waje, don mai rufi ɗaya yakan tara laimar numfashi ta ɗigo maka da safe. Duba ɗinkin ƙasansa ko an toshe shi. Auna shi da turakunsa da igiyoyinsa a sikelinka, kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a jikin kwali. Ka kafa shi da hannunka sau uku a gida kafin ka tafi, ka kuma bar wa uwargida bayanin hanyar da za ka bi da ranar dawowa.

Sannan ga wanda nake so ka tambaya. Akwai tanti mara sanduna nasa, wanda ake kafawa da sandar tafiya irin mai zugewa. Yana son ƙasa mai kama turke da ɗan koyo, kuma in iska ta taso sai an ɗaure shi da kyau, amma yana cikin mafiya sauƙin ɗauka. Sandar Yayanka tana nan, ko a jikin jakar ko a wurin matarsa. Roƙe ta. Da rana ka dogara da ita, da yamma ka zuge ta ka kafa, ta riƙe maka rufi.

In mai shagon ya sake tambaya, ka ce masa na mutum ɗaya, amma kada ya haɗo da sanda, akwai mai kawowa. Allah ya kai ka zango na goma sha biyu lafiya, ya dawo da kai gida lafiya.

Goggo